Yadda Ake Yi wa Ɗalibi Jagora Har Ya Samu Gurbin Karatun Likita a Najeriya

Duk gidan da aka samu yaro mai ƙoƙari a makaranta, kafin ya gama sakandare an riga an raɗa masa suna "Dakta". Jami'a kuwa ba ruwanta da sunan da ake kiran yaro a gida. Abu huɗu take dubawa: sakamakon sakandare, makin JAMB, tantancewar da ita kanta za ta yi, da takardun da suka yi daidai da juna harafi da harafi. Wannan bayani na wanda zai tsaya wa ɗalibi ne, malami ne ko yaya ko kawu, ko likitar da 'yar maƙwabta ta zo wurinta neman shawara. Mun yi maganar da namiji don sauƙi, amma duk abin da muka faɗa ya shafi mace. Yawancin yaran da ke rasa gurbin nan suna da ƙwaƙwalwa. Abin da ke kayar da su kuskuren takarda ne, da zaɓen jami'a da ka, da barin wa'adi ya wuce, kuma nan ne aikinka yake.

Zama na farko

Ka zaunar da yaron shi kaɗai, ba a gaban iyayensa ba, ka tambaye shi ko shi ne ke son likitancin ko kuwa burin gida aka ɗora masa. Sannan ka gaya masa tsawon hanyar: shekara shida a jami'a in ba yajin aiki, shekara ɗaya ta horon sabon likita a asibiti, shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Ka gaya masa cewa a aji biyu na jami'a zai shiga ɗakin da ake feɗe gawa don koyon sassan jiki, zai yi watanni yana shaƙar warin maganin adana gawa mai sa ido hawaye. In da hali, ka nema masa izini ya yi wuni ɗaya ko biyu a asibiti, ya ga layin marasa lafiya, ya ga jini da wankin gyambo. Wani daga nan zai ce shi dai a bar shi ya karanci harhaɗa magunguna, kuma gara a ji haka yanzu.

In mace ce, a yi maganar aure da ɗakin kwanan ɗalibai da iyayenta tun yau. Maganar da aka ƙi yi a aji shida na sakandare ita ce ke tasowa a aji uku na jami'a, daidai lokacin jarrabawa mafi wuya.

Sakamakon sakandare

Ana buƙatar kiredit a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Sauran kwasa-kwasai sukan yarda a haɗa sakamako biyu, misali WAEC da NECO, amma jami'o'i da yawa ba sa karɓar haka a likitanci: darussa biyar ɗin a zama ɗaya suke so. Saboda haka yaron da ya ci huɗu a WAEC ya ci na biyar a NECO, yana iya ganin ya gama, alhali a wasu jami'o'in ko layi bai shiga ba. Shawararmu a biya masa duka biyun in aljihu zai ɗauka, ya shiga kowace kamar ita kaɗai gare shi.

Kada a raina bambancin B2 da C6. Akwai jami'o'in da ke juya darajar kowane darasi zuwa maki su tara da na JAMB.

Inda yaranmu suka fi zubar da maki shi ne ɓangaren gwaji na aikin hannu, domin makarantu da yawa ɗakin gwaje-gwajensu suna ne kawai. Yaron da bai taɓa ɗiga asid daga bututun awo yana jiran launi ya sauya ba, ranar jarrabawa hannunsa rawa zai yi. Ka nemi makarantar da ke da kayan, a roƙi alfarma ya yi ko sau biyar ne kafin watan Mayu. Makarantun da suka yi suna wajen ba da satar amsa kuwa, a guje su: ana riƙe sakamakon cibiya sukutum, wanda ya tsira da A1 ɗin bogi kuma aji ɗaya na jami'a zai tona masa asiri.

Suna, NIN da layin waya

Wannan ɓangaren ya fi kowanne gundura, kuma ya fi kowanne cin mutane. Tun watan Oktoba ko Nuwamba, ka sa yaron ya kawo maka takardar haihuwa, takardar NIN, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC da NECO. Ka shimfiɗa su a kan tebur ɗaya, ka bi su da yatsa. Za ka tarar da Muhammad a nan, Mohammed a can. Aisha a ɗaya, Aishatu a ɗaya. Sunan kaka ya zama na tsakiya a wata takardar, a wata babu shi. Ranar haihuwa 1 ga Janairu a NIN, 14 ga Maris a takardar asibiti. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma hukumar tana ɗauko suna da ranar haihuwa ne kai tsaye daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Abin da ke can shi zai fito a fom. Gyara a ofishin NIMC yana ɗaukar makonni, don haka a yi shi kafin a buɗe rajista.

Game da shekaru, ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce ɗalibi ya cika 16 kafin a ba shi gurbi. Kada a yi wa yaro ƙarin shekaru a takarda don a tsallake wannan; sauran takardunsa za su ƙaryata shi.

Matakin farko na rajista shi ne a rubuta kalmar NIN a saƙon waya, a bar tazara, a rubuta lambobin nan 11, a tura zuwa 55019 ko 66019. Za a dawo da lambar shaida wadda da ita ake sayen fom. Layin da aka tura saƙon da shi ya zama na wannan ɗalibin har ya shiga jami'a: da shi zai duba sakamako, ta nan saƙonnin hukuma za su zo. Layi ɗaya ba ya yi wa mutum biyu, ko da tagwaye ne. Kada a yi da layin mai shagon intanet, kada a yi da na yayan da zai tafi ci-rani. A riƙa sa masa kati ana kira da shi don kada kamfani ya rufe shi. Imel ma a buɗe wa yaron nasa, a rubuta kalmar sirri a takarda biyu, ɗaya a wurinka.

Rajistar kanta a cibiyar CBT (wurin jarrabawa a kan kwamfuta) da hukumar JAMB ta amince da ita kawai ake yi, kuma da kansa zai je, domin za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma. Ga 'yan mata: babu lalle a yatsu, ko na ƙunshi ko na zane, makonni kafin rajista da kafin jarrabawa. Na'urar takan kasa karanta yatsan da ya sha lalle, kuma hukumar ta sha yin gargaɗi a kan haka. In bikin 'yar uwa ya faɗo a tsakani, ta haƙura. Darussan da za a zaɓa huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks. Babu Lissafi a nan, duk da cewa ana buƙatarsa a sakamakon sakandare, kuma duk shekara sai an samu wanda ya rikita wannan. Kafin ma'aikacin cibiya ya danna turawa, yaron ya karanta allon da idonsa, layi-layi, komai tsawon layin da ke bayansa.

Zaɓen jami'a

A aikace zaɓi na farko shi ne zaɓi. Jami'ar da masu zaɓenta na farko suka ninka guraben likitancinta sau da yawa ba za ta waiwayi wanda ya sa ta a na biyu ba.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda mafi yawan jihohin Arewa ke ciki. Ka ɗauka gurbi 100 ne. Wannan 20 na ƙarshe in aka raba shi tsakanin jihohi masu yawa, kowace jiha abin da za ta samu bai taka kara ya karya ba, don haka kada wani ya kwanta da cewa jiharsa za ta ɗauke shi. Abin da lissafin ke koyarwa shi ne ɗan Sakkwato ko Kebbi yana da ƙofofi fiye da ɗaya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ɗan Borno ko Yobe a Jami'ar Maiduguri, ɗan Kano ko Jigawa a Jami'ar Bayero, amma in ya tsallaka Ibadan ko Legas ƙofar yanki ta rufe masa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana jan masu nema daga duk faɗin Arewa, shi ya sa turmutsutsun can ya fi tsanani. Jami'o'in jiha, irin ta Kaduna mai amfani da asibitin koyarwa na Barau Dikko, ko ta Gombe, ko ta Yobe, 'yan asalin jiharsu suke fifitawa. Ga ɗan jihar wannan dama ce babba da ake yawan rainawa saboda son babban suna. Akwai kuma sababbi kamar Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare.

Kafin a zaɓi kowace, a bincika abu biyu. Na ɗaya, sharuɗɗanta na bana a kundin JAMB da ake kira IBASS da kuma shafin jami'ar, ba abin da wani ya ji bara ba. Na biyu, matsayinta a wurin MDCN, majalisar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori. Ita ke tantance kwalejin likitanci, ita ke ƙayyade wa kowace adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamai da gadajen asibitinta, ita kuma ke ba da lasisin aiki. Makarantar da ba ta kammala samun amincewa ba, ko ta ɗebi fiye da adadinta, ɗalibanta kan maƙale a tsakiyar karatu.

Shirin jarrabawar JAMB

Tambayoyi 180 ne a awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Maki 400 ne gaba ɗaya. In ka raba, daƙiƙa 40 ke ga kowace tambaya. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar a 2025 shi ne 150, amma wannan lamba ba ta da alaƙa da likitanci. A sakamakon farko na wannan shekarar, fiye da mutum miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai 200 ba, masu neman likitanci kuwa da 'yan tsirarun da ke can sama suke kokawa. Mu dai muna cewa a sa wa yaro 300 a gaba. Wanda ya tsaya ƙasa da 250 a fara duba masa wata hanyar.

A fara watanni shida kafin jarrabawa, wadda takan faɗo wajen Afrilu. A buga manhajar JAMB ta darussa huɗun a takarda, a manna a bango, duk batun da aka gama a soke shi da biro. Awa uku a rana ta isa in ana yi kullum: biyu na karatu, ɗaya na tsofaffin tambayoyi a kan abin da aka karanta a ranar. Haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi ɓata lokaci ne, musamman da yake littattafan kasuwa cike suke da amsoshin kuskure. A saya masa littafin rubutu guda, na kurakurai kawai: duk tambayar da ya faɗi ya rubuta ta, da dalilin faɗuwar, ko rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin fahimtar Turancin tambayar. Ranar Asabar kai kuma ka buɗe littafin nan ka yi masa tambayoyi daga ciki. Bayan wata guda za ka ga inda ciwon yake. Galibi lissafin mol ne da sinadaran kabon a Kemistiri, juya ƙa'idar lissafi da ma'aunai a Fiziks, sai ɓangaren furuci da kalmomi masu kama da juna a Turanci. Turancin nan shi ke jawo makin yaranmu ƙasa: yaro ya ci 80 a Bayoloji ya kawo 48 a Turanci. Akwai kuma littafin labari da hukuma ke sanyawa. Ya karanta shi da kansa sau biyu, kada ya dogara da taƙaitawar da ke yawo a WhatsApp.

Daga watan Janairu, gwaji cikakke sau ɗaya a mako, a kan kwamfuta, da agogo. Rabon lokacin da muke ba da shawara: minti 20 Bayoloji, 30 Turanci, 30 Kemistiri, 35 Fiziks, 5 na dubawa. Ya fara da darasin da ya fi ƙarfi a kai. Tambayar da ta ci minti ɗaya ba ta fito ba, ya zaɓi amsa ya wuce. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka babu dalilin barin fili. Ya saba da maɓallan A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, ya kuma san cewa S na miƙa aiki ne. Yaron da bai saba da kwamfuta ba a biya masa jarrabawar gwaji ta hukuma, tsoron allo ya fita a can.

A buga takardar shiga jarrabawa da zarar ta fito, a je a ga cibiyar kwana ɗaya kafin ranar. Waya da agogo a bar su gida. Sakamako kuma ana tura kalmar UTMERESULT ne zuwa 55019 ko 66019 da layin rajista. Duk wanda ya ce zai ƙara wa yaro maki a kan kuɗi ɗan damfara ne.

Bayan sakamako

Nan ake buƙatar mai faɗin gaskiya. Ka nemi ɗaliban aji ɗaya da aji biyu na likitanci a jami'ar da aka zaɓa, ka tambayi makin da suka shiga da shi da jihar da suka fito. In makin yaronka ya yi nisa da nasu, a je cibiyar CBT a canza jami'a ko kwas tun kafin a rufe fom ɗin tantancewa.

Kowace jami'a da yadda take haɗa maki. Jami'ar Legas ta saba ba JAMB kashi 50, jarrabawarta 30, sakamakon sakandare 20. Wasu rabi da rabi suke yi: a raba makin JAMB da 8, a raba na Post-UTME, wato jarrabawar tantancewa ta jami'ar, da 2, a tara. A wannan tsarin, mai 312 da ya ci 56 cikin 100 ya tashi da 39 da 28, wato 67. Mai 288 da ya ci 70 ya tashi da 36 da 35, wato 71, ya wuce shi. Yaron da ya ajiye littafi ranar da ya ga makinsa ya yi kyau, wannan lissafin za ka nuna masa.

Da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, a koma cibiyar CBT a ɗora shi a shafin JAMB, ban da wanda aka ɗora a shafin jami'a. Wurare biyu ne daban. Tun 2017 duk gurbi ta CAPS yake bi, wato tsarin ba da gurbi da ke shafin JAMB, kuma wanda sakamakonsa ba ya can, jami'a ba za ta iya miƙa sunansa ba ko da ya fi kowa maki. A shiga a tabbatar darussan da darajarsu sun fito, sannan a riƙa leƙawa sau biyu a mako. In gurbi ya fito, a karanta sunan kwas ɗin da kyau kafin a danna amincewa, domin wanda ya karɓa ya fita daga layin sauran. Wani lokaci jami'a kan yi tayin mayar da ɗalibi wani kwas, kuma sai ya yarda ake mayar da shi. Gurbin da wani "mai hanya" ya kawo a takarda, ba ya CAPS, ba gurbi ba ne. Ranar tafiya bautar ƙasa za a gane.

In ba a samu ba

Makin JAMB na shekara ɗaya ne. Wanda ya rasa da ɗan tazara, sake zama shekara mai zuwa da littafin kurakuransa a hannu ya fi. Hanya ta biyu ita ce IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB: kimanin shekara ɗaya ana Bayoloji, Kemistiri da Fiziks a mataki na gaba, sannan a sayi fom ɗin shiga aji biyu kai tsaye a JAMB. Guraben wannan hanyar kaɗan ne ƙwarai, sai mai sakamako na ƙoli, don haka ya sake zama JAMB a shekarar, ya riƙe igiya biyu. A tabbatar cibiyar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, kuma jami'ar da ake nufi tana karɓar wannan shaidar a likitanci.

Akwai shawarar da ake yawan bayarwa: "Ka karɓi Bayokemistiri, in ka shiga sai ka canza." Canjin nan da wuya yake yiwuwa, saboda adadin da MDCN ta ƙayyade ya riga ya cika. Wanda zai karɓi likitancin haƙori, harhaɗa magunguna, aikin jinya, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, gashin ƙashi ko ɗaukar hoton cikin jiki, ya karɓa don zai iya zama a ciki. Kowannensu sana'a ce mai lasisinta.

Masu tunanin waje su lissafa da dawowa. Duk wanda ya yi digirin likita a wata ƙasa sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya, kuma ana faɗuwa sosai. A tabbatar majalisar ta san makarantar, a tambayi harshen da marasa lafiya ke yi a asibitin koyarwarta. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibanmu gida a tsakiyar karatu, wasu ba su ko karɓo takardun makinsu ba. Wanda ya tafi ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa duk ƙarshen shekara yana turo kwafi gida.

Kuɗi da shekarar farko

Tun kafin gurbi ya fito a san inda kuɗin rajista zai fito, domin wa'adin biya gajere ne. Asusun NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana ba ɗaliban makarantun gwamnati lamuni marar ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. A nemi hukumar tallafin karatu ta jiha ma. Wasu jihohin suna ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci da sharaɗin su yi wa jiha aiki na wasu shekaru bayan sun gama. A karanta yarjejeniyar da idon basira kafin uba ya sa hannu.

Ranar rajista a tafi da asalin takardu da kwafi biyar na kowace: takardar gurbi ta JAMB, takardar maki, sakamakon sakandare da katin duba shi, shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, da ƙananan hotuna dozin guda. Kada ka saki hannunsa a nan. Aji ɗaya darussan kimiyya ne zalla, kuma a jami'o'i da dama sai ɗalibi ya ci kowane darasi da aƙalla kashi 50 kafin ya haye aji biyu. Wanda ya gaza a mayar da shi wani sashen. A makon farko ka sa ya karɓo littafin dokokin kwalejin, ku karanta shafin sharaɗin hayewa tare, ka kuma haɗa shi da ɗalibi ɗaya na aji uku da zai riƙa ba shi tsofaffin tambayoyin sashen.